An Ce Akwai Rubutu a Miyarta

A unguwarmu magidanci ba ya cin tuwon yamma shi kaɗai a ɗakinsa. In an sallame magariba sai a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan taubashina, ƙarƙashin iccen bedi, kowa ya fito da kwanon gidansa ya aje a tsakiya. A buɗe ɗaya a cinye, a jawo na biye. Ciyayya ke nan, kuma haka muka tarar da iyayenmu suna yi tun da kakanmu ya ƙetaro daga ƙasar Katsina ya sari daji a nan, tsakanin Sae Sabuwa da Cadakori. Mu bakwai ne a tabarmar. Ni kaɗai ne ba na shiga masallaci, saboda haka kullum ni ke riga kowa zama, da kwanona a gabana, ina jira su fito.

A Maraɗi na zama Kirista, ina saurayi, lokacin da nake koyon ɗinki. Ba wannan labarin zan ba da ba yau. Da na dawo gida an yi abin da aka saba yi. Uwata ta yi kuka, kawuna ya yi wata biyu bai amsa gaisuwata ba, aka ce buhunan shinkafa aka ba ni na sayar da addinina, ni da ko keken ɗinkin da nake takawa na aro ne. Daga baya ƙura ta lafa. Dattijon unguwa, abokin mahaifina, wanda dukanmu muke kira Baba, shi ya yanke maganar. Ya kira ni zaurensa ya ce, "Addininka ka riƙe shi a cikinka, yadda kowa ke riƙe da hanjinsa ba ya nuna wa mutane. Kwanonka kuwa ka kawo, wurin ubanka na nan." Sharaɗi ɗaya aka yi mani, in za a sa nama a miyar gidana, Musulmi ne zai yanka. Na ce na ji.

Mai yankan kuwa taubashina ne, ɗan kawun nan nawa. Tare muka yi kiwon awaki, tare aka kore mu daga lakol, makarantar boko, kuma tun muna yara ba mu taɓa yi wa juna magana mai daɗi ba. In na riƙo kaza na doshi gidansa sai in ce, "Kai bawana, fito ka yi wa ubangijinka aiki." Shi kuma ya fito yana wasa wuƙa a dutse yana cewa, "Fasto, wallahi da ba don miyar matarka ba, da tuni na kai ka kasuwar Cadakori na musanya ka da jaki." Ni ba fasto ba ne, tela ne mai noma, amma sunan ya bi ni har yara suka ɗauka.

Matata 'yar gidan Kirista ce daga wajen Tibiri. A garinmu ba ta da uwa, ba ta da 'yar'uwa, ba ta da ko wadda za ta kira gwaggo. Matan unguwa ba su tsane ta ba, suna gaisawa a bakin fanfo, ana aron rariya, amma in ana shawarar biki ko ana raba sirri, sai ta ga an yi shiru har ta wuce. Ƙofa ɗaya ce ta buɗe mata a garin, ita ce kwanon ciyayya. Miyar kuka take yi da daudawar batso wadda take haɗawa da hannunta, ta daka wake ta zuba, ta san daidai inda tattasai ke tsayawa. Har aka yi doka a tabarmar cewa kwanonta ne na ƙarshe, don a tashi da daɗi a baki. In na dawo gida, kafin ta ce mani sannu, sai ta ɗaga murfi ta leƙa. "Wa ya suɗe yau?" In ce Baba ne, ko in ce an yi kokawa a kai. Sai ta yi tsaki kamar ba ta damu ba, ta juya tana wanke kwanon tana waƙa. Shekara goma sha ɗaya muka yi a haka, kuma duk mutuncin da take da shi a garin nan a cikin kwanon nan yake dawo mata.

A daminar da zan ba da labarinta, babbar 'yar taubashina ta rasu wajen haihuwa, a kan amalanke, ba a kai gidan likita ba. Na je gaisuwa, na zauna kwana bakwai tare da masu zaman makoki, in sun ɗaga hannu suna addu'a ni ma in sunkuyar da kai in yi tawa. Bayan sadakar arba'in mutumin bai dawo daidai ba. Yana zuwa tabarma, amma sai ya yanki loma ya riƙe ta har ta huce. Ya daina ce mani Fasto. Ni da na saba da baƙar maganarsa, shirun nan ya fi zagi yi mani ciwo.

Wata rana muna cikin maimai, noma na biyu, ina gonata da hantsi, sai na hango shi tafe da hauya a kafaɗa, alhali gonarsa tana can yamma da gari. Ya zauna gindin gawo. Na aje hauya na zo na zauna. Ya daɗe yana tona ƙasa da tsinke, sannan ya ce, "Ɗan'uwa, ku me littafinku ke cewa a kan wanda ya mutu?"

Shekara goma sha ɗaya bakina a ɗinke, ni da nake tela. Wanda bai taɓa riƙe abin da ya fi ƙarfin cikinsa ba, ba zai gane abin da na ji ba. Na gaya mashi abin da na gaskata, cewa mutuwa ba ita ce ke da magana ta ƙarshe ba, cewa Almasihu ya shiga kabari ya fito, kuma Allah ba ya nesa da mai kuka. Mutum ya roƙi moɗa guda, ni na tuntsure mashi randa. Na yi ta zuba har rana ta take, yana saurare hawaye na bin gemunsa. Na ce a raina na cika surutu, ba zai sake zuwa ba. Jibi sai ga shi. Sau biyar ya zo gindin gawon nan da ƙafarsa. A na ƙarshe ya ce shi bai iya karatun boko ba, ko akwai yadda zai ji da kunnensa? Na karɓi salularsa na sa mashi karatun littafinmu da Hausa, wanda ake saurare. Na ce ya riƙa ji a gona, ya rage murya.

Kwana huɗu bayan haka muna tabarma, an cinye kwano uku, taubashina ya duƙa zai jawo na huɗu. Salular tana aljihun gaban rigarsa, gwiwarsa ta danne ta, sai kawai murya ta tashi tana karatu, rau, ana ambaton Almasihu. Hannunsa na dama duk miya, ya kai na hagu yana lalube, abin ya ƙi mutuwa, har sai da aka karanta abin da duk mai kunne ya ji. A cikinmu akwai wani ɗan kasuwa mai ƙetara iyaka sarin kaya, shi ne ƙaraminmu, kuma shi ne ya fi kowa zafin addini. Tun kalmar farko ya gane. Ya janye hannunsa daga kwano ya ce, "Baba, ka ji abin da nake ji?"

Baba ya dubi taubashina ya ce, "Ina ka samo wannan?"

Taubashina ya nuna ni ya ce, "Shi ya sa mani. Labaran noma na ce ya sa mani, ban san abin da ya cusa ba."

Da na yi shiru a nan, da wataƙila an yi mani faɗa kwana biyu an wuce. Na sha tunanin haka. Amma ni ina da zuciya, uwata ma ta sha cewa bakina ne zai kashe ni. Na ce, "Kai, ji tsoron Allah. Wa ya biyo wani gona? Ni na je taka ko kai ka zo tawa? Sau biyar ka zo, kai ka tambaye ni, kana kuka a gindin gawo har majina." Gaskiya na faɗa, ko kalma ɗaya ban ƙara ba. Amma gaskiyar nan da ita na tuɓe wa mutumin da bai daɗe da binne 'yarsa ba riga a gaban tsaransa, kuma har yau ina jin kunyar kalmar majinar nan.

Taubashina ya duba hagu ya duba dama, bai ga ƙofa ba. Sai ya ce, cikin ƙaramar murya, "Ni ma na rasa abin da ke kai ƙafata gonarsa. In na tashi da safe sai in ji kamar ana ja na. Sai dai in wani abu aka ba ni na ci."

Ɗan kasuwa ya cafe maganar tun ba ta faɗi ƙasa ba. Ya nuna kwanon gidana da ke gefe a rufe yana jiran a zo kansa, ya ce, "Rubutu ne. Shekara nawa muna cewa miyar nan ta fi ta kowa daɗi? Wanke littafinsu ake yi ana zuba mamu."

A nan ƙasar ba wanda bai san rubutu ba. Malam ya rubuta aya a allo da tawada, ya wanke a ƙwarya, a ba ka ka sha, don ciwo, don farin jini, don mace ta riƙe miji. Ni kaina abin da na sha ina yaro ya isa cika tulu. Wanda ya gaskata rubutu yana juya zuciya, me zai hana shi gaskata cewa mu ma muna da namu? Ni kuwa dariya ta kama ni, dariyar takaici. Na ce, "Haba jama'a, mu ba ma yin haka. Littafinmu ma bugun inji ne, ko ka jiƙa shi tawadar ba ta fita." Ɗan kasuwa ya ce, "Ashe ka gwada."

Baba ya ɗaga hannu ya ce, "Ya isa. A ci abinci." Aka cinye kwano na huɗu, da na biyar, da na shida. Da aka zo kan nawa sai Baba ya ce alhamdu lillahi, ya jawo butar wanke hannu. Kowa ya ce alhamdu lillahi. Na ɗauki kwanona da nauyinsa yadda na kawo shi.

Ban kai shi gida haka ba. Na zaga bayan rumbuna, na tsuguna, na buɗe na ci har tuwon ya tsaya mani a wuya. Abin da ya saura na juye a gindin suri, na tura ƙasa da ƙafa na rufe. Lokacin kuwa tsakiyar damina ne, rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba. Na san matata tana tsinka furar yara da ruwa don dai kwanon ciyayya ya fita a cike, kada a ce gidan Kirista ya gaza. Na suɗe kwanon da yatsa na shiga gida. Ta ɗaga murfi ta ce, "Wa ya suɗe yau?" Na ce, "Baba." Mutumin da ya tona asirin ɗan'uwansa saboda gaskiya, ga shi bai yi sa'a guda ba yana yi wa matarsa ƙarya.

Na ce a raina fushi ne na kwana biyu. Kashegari na koma da kwano. Ba wanda ya kore ni, kuma wannan ne abin da ke cin rai. Da sun zage ni da na san da wa nake faɗa. Sai suka matsa mani wuri kamar kullum, aka amsa sallamata, aka buɗe kwanon wani aka ce, "Bismilla, sa hannu." Nasu in ci, nawa ya zauna a bakin tabarma a rufe. Rana ta uku na buɗe shi da kaina na tura tsakiya, na ce ga na ƙarshe. Na ci ni kaɗai, su suna hirar tsutsa da ta faɗa wa wake, kowa ya sami wani wuri ya aje idonsa. Taubashina ya canja wurin zama, ya koma bayan ɗan kasuwa inda ba za mu haɗa ido ba. Kullum in tashi in zaga bayan rumbuna, har gara ta san lokacina.

Ran Lahadi na hau babur na tafi majami'armu, wadda gidaje kaɗan ne ke taruwa a cikinta. Matata ba ta je ba ranar, ƙaramar 'yarmu ba ta da lafiya. Na ja fasto gefe na gaya mashi duka. Mutumin kirki ne, ba na zarginsa da mugunta. Ya riƙe hannuna ya ce in yi murna, an ga na isa in sha wuya saboda sunan Ubangiji, kuma iri ya riga ya faɗa ƙasa. Na ce, "To in gaya mata?" Ya ce in yi addu'a a kai. Na dawo ina tuƙi ina magana ni kaɗai. Murna tana da sauƙin faɗa ga wanda matarsa ba ta auna gari don gara.

Da safe na tafi zauren Baba, na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Baba, kai ka san ni, ka san matata. Ka gaskata akwai wani abu a miyar nan?"

Ya ce, "Ban ce akwai ba, ban ce babu ba. Amma ramin da ake shakka ba a sa hannu ciki."

Na ce, "Da bakinka ka ce in kawo kwanona."

Ya ce, "Da bakina kuma na ce ka riƙe abinka a cikinka."

Na ce, "Shi ya tambaye ni, Baba."

Ya dube ni, ba da fushi ba, ya ce, "Ɗana, wanda 'yarsa ta mutu ko iccen gawo ya samu zai tambaya. Gawon amsawa zai yi?"

Ban yarda ba. Mutum ya zo maka da ƙishirwa, kana da ruwa, ka ce babu? Amma na fita daga zauren na san tabarmar ba za ta gyaru da magana ba.

Rana ta goma sha biyu na shiga gida da kwano a suɗe. Matata ta karɓa, ta ɗaga murfi, ba ta tambayi kowa ba. Ta aje shi a ƙasa tsakaninmu ta ce, "Malam, zauna." Na zauna. Ta ce, "Maza bakwai in sun ci tuwo, kwano yakan dawo da sawu ta kowane gefe. Wannan hannu ɗaya ne, kuma na san hannun. Tun rana ta biyu na gani, na yi shiru in ga ranar da za ka gaya mani." Ta ce a bakin fanfo ta ji sauran, wata ta fizge ɗanta da ya miƙa hannu zai karɓi ƙuli-ƙuli a wurinta, ta ce mashi ba a cin abin gidan masu rubutu. Sannan ta ce, "Ba ka iya cinye shi kai kaɗai. Ina kake kai sauran?" Na ce gindin suri. Abin da ta ce kawai shi ne, "Hatsin yarana." Ba ta yi kuka ba, kuma na so a ce ta yi.

Kashegari da la'asar ta tuƙa tuwo, ta yi miyarta ba nama, don kada wani ya ce yanka ne. Da aka kira magariba ta yi wanka, ta ɗaura zanen da take zuwa majami'a da shi, ta yafa gyale. Na miƙa hannu zan ɗauki kwano ta ce, "Bari, yau ni zan kai." Na ce mace ba ta zuwa tabarmar maza. Ta ce ta sani. Ta ɗora a ka ta fita, ni ina biye da ita ba abin da ke hannuna.

Suna zaune an buɗe kwanon farko. Da suka gan ta hira ta tsaya. Ta cire takalmi daga nesa, ta durƙusa a bakin tabarma, ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, har da ɗan kasuwa. Ta buɗe murfi. Ta yanki loma ta dangwala miya ta ci. Ta juya kwanon ta yanka ta wani gefe ta ci, ta sake juyawa ta ci, don kada a ce gefe ɗaya ta tsabtace wa kanta. Macen da ko a gabana ba ta son in ga tana tauna, ga ta tana cin tuwo a gaban maza shida a bakin hanya. Ta haɗiye ta ce, "Baba, shekara goma sha ɗaya kuna cin abin hannuna. Kuka ce, da daudawa, da wake, da tattasai, da gishiri. In akwai wani abu bayan wannan, ga shi na ci a gabanku, ni zai fara kamawa."

Baba ya sunkuyar da kai. Na ga abin ya taɓa shi, na ce a raina shi ke nan, zai miƙa hannu. Sai ya ce, a hankali, da muryar da ake lallashin yaro, "Allah ya yi maki albarka, 'yata. Amma ai ke ya riga ya kama ki."

Ba ba'a ya yi ba. Da ba'a ce da na tashi na yi abin da za a kira jandarma. Iyakar abin da hankalinsa ya ba shi ke nan, kuma ba abin da za ta ci a duniyar nan da zai amsa shi. Wani ya yi ɗan tari ya danne dariya. Matata ta juya wajen taubashina, wanda ya ɓoye rabin jikinsa a bayan ɗan kasuwa, ta ce, "Kai fa, mai yanka mani kaza? Kai ka san abin da ya kai ka gonar." Ya dubi yatsun ƙafarsa ya ce, "Na ƙoshi." Ta rufe kwanonta, ta ce a tashi lafiya, ta sa takalmi. Na bi ta muka koma gida, kuma daga ranar ban sake zama a tabarmar nan ba.

Na yi rabon laifi a raina sau da yawa. Ɗan kasuwa ne ke samun ƙaramin kaso, don shi abin da ya gaskata ya faɗa. Baba ina jin haushinsa, taubashina na fi jin haushinsa, kaina kuwa na fi kowa. Har Allah na yi wa ƙorafi, ba zan ɓoye ba. Na ce ni na yi magana, ni na yi zuciya, don me aka cire a jikin wadda ba ta ce wa kowa komai ba? Abin da ban taɓa iya gaya mata ba shi ne, in da yau wani zai sake zuwa gindin gawon nan ya yi mani tambayar nan, zan amsa. Zan rage surutu, zan riƙe bakina a gaban jama'a, amma zan amsa. Ina jin ta san haka, shi ya sa ba ta taɓa tambaya ba.

Bayan an gama girbi, ran wata kasuwar Cadakori da gari ya watse, ina taka keke da rana tsaka sai na ji ana ƙwanƙwasa darni ta bayan gida, wajen da akuya ke kwana. Na zaga, sai ga taubashina. Ya rame. Ya duba hanya sau biyu kafin ya yi magana. Ya ce, "Fasto, bawanka ya lalace." Ya ce karatun nan bai goge ba, yana ji in yana gona shi kaɗai. Bai ce in yafe mashi ba, ni ma ban ce ya yafe mani ba, mu taubasai ba mu iya wannan ba. Ya sosa ƙeya ya ce, "Ko akwai ɗan saura na jiya? A ƙaramin kwano ma ya isa, in ci nan bayan darni in tafi."

Zuciyata ta yi tsalle, ba zan yi ƙarya ba. Na ga ɗan'uwana ya dawo, na ga maganar fasto ta iri tana neman zama gaskiya. Na shiga da sauri na tarar da ita tana tankaɗe. Na gaya mata wanda ke bayan gida da abin da yake so. Hannunta bai tsaya ba. Ta ce, "A tabarma aka ƙi shi. In yana so, yau da magariba in tuƙa sabo in cika babban kwano, ka kai, ya buɗe da hannunsa a gabansu."

Na ce, "Ke, an ce mu yafe."

Ta ce, "Na yafe mashi, Malam. Tuwona ne ba ya bin bayan darni."

Na koma na faɗa mashi yadda ta faɗa. Ya tsaya riƙe da karan darni, yana kallon ƙasa, har na ɗauka zai ce to. Sai ya ce, "Ka gaishe ta." Ya bi ta bayan rumbuna ya tafi.

Damina huɗu ke nan. Baba ya rasu, na je jana'iza na tsaya daga baya. Tabarmar tana nan ƙarƙashin bedi, in iska ta juyo muna jin dariyarsu daga tsakar gidanmu. Da taubashina muna gaisawa a hanya, gaisuwa mai kyau, irin wadda ake yi wa baƙo. Matata ba ta bar majami'a ba, ba ta kuma taɓa cewa ni na jawo mata ba. Sai dai kullum da la'asar, in ta ɗauko ƙwarya za ta auni gari, takan tsaya ba tare da ta dube ni ba ta ce, "Na mutum nawa?" Ta san amsa. Ni kuma dole in buɗe baki in ce, "Namu ne kaɗai."